Gargaɗi ga masu neman aikin gwamnati a Maraɗi

Jama'ar Maraɗi, musamman waɗanda suka gama sabis sibik (aikin bautar ƙasa) suna jiran konkur (jarrabawar ɗaukar aiki), da 'yan kwantaragi masu jiran matrikil (lambar zama cikakken ma'aikacin gwamnati), akwai wani dattijo da ke yawo tsakanin unguwar Zariya da Ali Ɗan Sofo yana cewa yana da mutane a Yamai da za su sa sunanka cikin waɗanda za a ɗauka. Ya ci mini jika 150 na sefa.

Kafin wani ya kira ni wawa, a ji yadda ya zo. A wurin ɗaurin aure aka haɗa mu, kuma ranar ko kalmar kuɗi bai furta ba. CV ɗina ya karɓa, ya ce in mai da shi shafi ɗaya, in fara da diflomata ta ƙarshe, in rubuta inda na yi sabis sibik da shekarun. Shi ya lura kasiye judisiyer ɗina (takardar kotu mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci) ya wuce wata uku, shi ya tambayi katin ANPE (hukumar samar da aikin yi ta ƙasa), shi ya ce duk kwafin takardu sai an buga musu hatimin shaida. Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan. Ya dafa kafaɗata ya ce, “Ɗana, kada ka gaji da ajiye dosiye, mai rabo ba ya fashi.” Har yau ina jin hannun nan a kafaɗata. Wane ne zai ji haka daga mai furfura sa'an mahaifinsa, ya ce ɓarawo ne?

Jika 50 ya fara karɓa, wai na bin dosiye. Jika 100 kuwa, waɗanda Inna ta sayar da tumakinta ta haɗa mini, ta kamfanin aika kuɗi na tura, bayan ya aiko mini a WhatsApp da hoton jerin sunaye mai hatimi, da sunana a ciki. Hoton ya riga jika 50 ɗin ma zuwa, domin shi na nuna wa Inna tun farko. Da sanarwar gaskiya ta fito, babu sunana, babu ma gurbin da ya ambata, lambarsa kuma a kashe. Jika 50 da jika 100, jika 150 ke nan, ban da kuɗin tambur da hotuna.

Konkur da sanarwar hukuma ake buɗe shi, kuma ba a sayar da matrikil. Ku gyara CV, ku kai dosiye da hannunku, ku karɓi takardar shaidar ajiya, kada ku ba kowa ko dala.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda. Rasit ɗin jika 100, da hoton jerin sunayen, da saƙonnin muryarsa duk suna wayata, zan sa su nan da zarar an ba ni izini. Wanda ya taɓa ba shi kuɗi ya neme ni mu je tare.