Bitar The Power Broker: ikon da ba ya bi ta akwatin zaɓe

A watan Satumba na 2024, shekara 50 bayan fitowarsa ta farko, aka fitar da The Power Broker na Robert Caro a bugun da ake karantawa a waya ko kwamfuta, kuma shi nake ba mai sha'awar siyasa shawarar ya nema, domin na takarda ya haura shafi 1,200, riƙe shi kaɗai ma aiki ne.

Littafin tarihin rayuwar Robert Moses ne, mutumin da daga 1924 zuwa 1968 ya riƙa yanke hukuncin inda za a yi titi, gada ko wurin shaƙatawa a New York, alhali bai taɓa cin zaɓe ba, takarar gwamnan da ya tsaya a 1934 ma kaye ya sha. Abin da ya sa littafin bai tsufa ba shi ne yadda Caro ya bi sawun kuɗi. Kuɗin da masu motoci ke biya a gadar Triborough kai tsaye suke shiga asusun hukumar da Moses ke shugabanta ba tare da sun bi ta majalisa ba, shi kuma ya jingina da su ya ciyo bashi, sai yarjejeniyar da ya ƙulla da masu bashin ta zama katangar da magajin gari da gwamna suka kasa tsallakewa. Duk wanda ya karanta waɗannan babuka zai riƙa tambayar wa ke duba asusun kowace hukumar da ke tara kuɗin shigarta da kanta.

Babin da ya fi taɓa ni shi ne na unguwar East Tremont, inda aka rushe gidajen iyalai fiye da 1,500 saboda mil 1 na babban titin Cross Bronx, duk da cewa mazauna sun kawo shawarar wata hanyar da za ta rage ɓarnar. Caro ya nemo su ya saurare su, bai tsaya ga bakin manya ba.

Littafin yana da rauni. Turancinsa yana da nauyi, wasu babukan sun yi tsawo fiye da kima, kuma masana sun yi jayayya da zargin cewa Moses ya rage tsayin gadojin da motoci ke bi ta ƙarƙashinsu da gangan don hana motocin bas kai talakawa bakin teku. Wajen bin labarin kuwa, bugun waya ya taimaka, domin sunayen 'yan siyasar New York suna da yawa, kuma ana iya laluben kowanne a koma inda aka fara ambatonsa.