Wayar haƙori: yadda ta kasance mana daga Damagaram

Wayar jera haƙora ta ƙarfe muka sa wa ƴata, kuma ko yau aka sake ba ni zaɓi ita zan ɗauka. Haƙoranta na sama sun turo gaba har leɓe ba ya rufuwa sai da ƙoƙari, na ƙasa kuma sun hau juna. Likitan da ya fara duba ta nan Damagaram ya cike mata wani haƙori mai rami, ya ce jera haƙora fanni ne na daban, ya tura mu wajen wata ƙwararriya a Kano. Farkon 2023 ke nan, tana da shekara 14.

Abin da na yaba wa likitar, ba ta yi mana gaggawa ba. Sai da aka ɗauki hoton muƙamuƙi, sannan ta baje samfura a kan tebur. Yarinya tun a mota ta ƙulla cewa ita mai kama da gilashi take so, irin Invisalign da take gani a TikTok, wadda ake kifa wa haƙora ba a ganinta. Likita ta ce tana aiki, amma sai an sa ta awa 20 zuwa 22 kullum, a cire in za a ci abinci ko a sha wani abu da ba ruwa ba, a goge baki a mayar, a kuma canja sabuwa duk mako ɗaya ko biyu. Sai ta dube ni ta ce, "Hajiya, ke kika san ƴarki." Na san ta kuwa. Wadda bakinta ba ya hutawa daga shayi sai fura sai ƙwalam, abin a aljihun jakar makaranta zai ƙare. Akwai mai farin dutse kalar haƙori, ta fi tsada, ta fi saurin karyewa, ƴar robar da ke riƙe wayarta kuma tana rinewa da shayi. Ta bayan haƙora, wajen harshe, ko farashinta ban tsaya ji ba.

Ta ƙarfen, ƙananan maɓallai ne ake manna wa kowane haƙori, a zura siririyar waya ta cikinsu. Wayar tana jan haƙori a hankali, ƙashin da ke gabansa yana zaizayewa, wani sabo yana tsirowa a bayansa. Shi ya sa ba a yi wa aikin gajen haƙuri: galibi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma duk mako 4 zuwa 8 sai an koma an ɗaure ko an canja waya.

Nan ne ɗan Damagaram ya kamata ya yi lissafi tun bai biya ko dala ba. Kano kusa ce, amma akwai iyaka tsakani. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka rufe ta, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Muna zaune da ƙarfe a baki, ba mai ɗaurewa. Ana cikin haka ƙarshen wayar ya zamo ta baya yana sukar kumatu, yarinya ko kunu sai da hawaye. Na ɗauki hoto na tura ta WhatsApp, likita ta amsa a daren, ta ce a mulmula ɗan kakin da ta ba mu a liƙa a wurin. Washegari likitanmu na nan ya datse tsinin. Aikin dai ya ja watanni fiye da yadda aka tsara, kuma kuɗin mota da na masauki da canjin sefa zuwa naira sun ci abin da ban taɓa sa wa a rai ba.

Duk ɗaurin da aka yi, kwana biyu ko uku haƙora na tsami, sai fate da kunu. Kilishi, aya, rake, goruba, ƙuli-ƙuli, duk an yi sallama da su. Wata rana ta faki idona ta ci aya, maɓalli ya ɓalle. Goge baki kuwa aiki ne sosai, da wani ɗan siririn buroshi mai shiga ƙarƙashin waya, don in datti ya zauna, ranar da aka cire sai a tarar da fararen tabo kewaye da gurbin maɓallan. Ita Allah ya kiyaye ta.

Ƙorafina ɗaya ne. Ba a gaya mana tun farko cewa abin riƙon da ake sawa bayan an cire waya kuɗinsa daban ba ne, sai ranar cirewa. Alhali ba zaɓi ba ne: in ba a sa shi ba haƙora komawa suke yi inda suka fito. Yanzu da dare take kwana da shi. Duk mai zuwa ya sa a rubuta masa jimillar kuɗi har da wannan, ya kuma tambayi wa zai taimaka masa a nan gida in waya ta ɓalle.

Haƙora sun jeru, leɓe yana rufuwa. Kakarta ce kawai har yau ba ta huce ba, wai mun kai kuɗi Kano an toshe wa jikarta wushirya.