Kafin ka biya kuɗin shiga gasar giyar gida a Amurka

Kwalba uku na aika gasata ta farko, kuma ranar da takardun maki suka dawo ban ci abincin dare da daɗi ba. Giyar da nake taƙama da ita, wadda abokai suka shanye rabinta a zama ɗaya, maki 24 ta samu cikin 50. Ɗaya daga cikin alƙalan ya rubuta cewa giyar ba ta da aibu, sai dai ba a ɗakinta na ajiye ta ba. Wato rukunin da na zaɓa mata ba nata ba ne. Kuɗin shiga da na kwali da na aikawa duk sun bi ruwa, saboda kuskuren da na yi cikin minti ɗaya a gaban kwamfuta.

Na san yawancin masu karanta Hausa ba sa kusantar giya, kuma ba gayyatar kowa nake yi ba. Da 'yan uwana nake, irin waɗanda suka taso suna ganin ana shanya tsiron dawa a tsakar gida, neman abinci ya kawo su Amurka, suka sayi tukunya da bokiti suka fara dafa tasu a gareji. A nan doka ta yarda da haka tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978: galan 100 a shekara idan baligi ɗaya ne a gidan, galan 200 idan sun kai biyu, muddin ba sayarwa za a yi ba. Jihohin Alabama da Misisifi ne suka zo a ƙarshe, sai a 2013 suka halatta. Gasa kuwa ta zama ruwan dare, kusan kowane ƙarshen mako akwai inda ake yin wata. Abin da ya rage maka shi ne wacce za ka shiga, da wace giya, a wace irin kwalba.

Ka fara tambayar kanka abin da kake saye da kuɗin shigarka. Wani lambar yabo yake nema ya rataye a falo. Wani kuma so yake wanda bai san shi ba, ba ya kuma jin kunyarsa, ya gaya masa gaskiyar abin da ke cikin kofi. Idan sabon shiga ne kai, na biyun kake bukata ko da zuciyarka na kwaɗayin na farkon, domin abokin da ka ba giya kyauta ba zai taɓa ce maka tana warin man shanu ba.

Ga mai neman gaskiya, ƙaramar gasar da ƙungiyar masu dafa giya ta garinku ke shiryawa ta fi komai riba. Wadda nake shiga a gefen Hustan dala 10 nake biya kan kowace giya, in kai kwalabe da hannuna shagon da suka ambata, in dawo gida. Abu ɗaya kawai za ka duba kafin ka biya: ko gasar tana da rajista da BJCP, hukumar da aka kafa a 1985 don horar da alƙalan giya da yi musu jarrabawa. Idan tana da ita, aƙalla mutum biyu ne za su ɗanɗana giyarka ba tare da sun san mai ita ba, kowa ya cika takardarsa. Ƙamshi maki 12 ne, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take zama a baki 5, sai ra'ayin alƙali a dunƙule 10. Daga 30 zuwa 37 giya ce mai kyau sosai, daga 38 zuwa 44 ka iya, abin da ya kai 45 kuwa ba kasafai ake ganinsa ba. Gasar da ba ta da wannan tsari, irin wadda jama'a ke zagayawa da kofi suna jefa ƙuri'a, akwai nishaɗi a cikinta, amma ba za ka koma gida da abin da za ka gyara ba. Mai fara'a da yawan abokai shi ke ci.

Sama da wannan akwai manyan gasanni na yanki. A Tekzas muna da Dixie Cup da ƙungiyar Foam Rangers ke shiryawa a Hustan tun shekarun 1980, da Bluebonnet Brew-Off a yankin Dalas. A nan za ka haɗu da waɗanda suka shekara ashirin a bakin tukunya, kuma lambar tagulla a irin wannan wuri ta fi zinaren ƙaramar gasa nauyi. Sai babbar yaya, gasar ƙasa ta American Homebrewers Association, ƙungiyar da Charlie Papazian ya kafa a Kolorado a 1978. Da giya 34 aka fara ta a 1979, yanzu dubbai ake shigarwa. Kuɗinta ya fi na sauran nesa ba kusa ba, ga na zama ɗan ƙungiya. A ganina, giyar da ba ta haura 38 sau biyu a hannun alƙalai daban-daban ba, kada ka sai mata wannan tikitin. Da kuɗin shiga ɗaya a can za ka iya kai giya ɗaya ƙananan gasanni biyu ko uku, ka sami takardu huɗu ko shida. Idan alƙali ɗaya ya ce yana jin warin dafaffiyar masara, wataƙila hancinsa ne. Idan huɗu suka faɗa, tukunyarka ce: ba ka bar ruwan ya tafasa sosai ba, ko ka rufe ta da murfi tana tafasa.

To, rukuni. Nan ne na faɗi, nan kuma mafi yawan sababbi ke faɗuwa. Alƙali ba ya tambayar ko giyar na da daɗi, yana tambayar ko ta yi kama da abin da ka ce ita ce. Kundin BJCP na 2021 ya kasa giya rukuni 34, kowane da 'ya'yansa, an kuma bayyana launi da ɗaci da ƙarfin da ake tsammani. Kyauta ne a intanet. Dabarar da na koya a makare ita ce, ka manta da abin da ka yi niyyar dafawa. Ka zuba giyar a kofi, ka buɗe kundin, ka nemi wanda ta fi kama da shi yau. Ni IPA na nufa, wato giyar da ake cika wa hof, furen da ke ba giya ɗaci da ƙamshi, amma hof ɗin ya yi sanyi, tsiron sha'ir ya fito gaba. Da na sauke ta zuwa rukunin da bai kai IPA ɗaci ba, da labarin ya bambanta. Ka kuma lura da cunkoso. Teburin IPA da na baƙar giya mai ƙarfi kullum a cike suke kamar tashar mota ranar jajibere, alhali wasu tsofaffin nau'o'in Ingila da Jamus ba su cika samun masu shiga ba. Sai dai kada ka ruɗu da farar giya mai sauƙi da ake kira laga don ka ga kamar ruwa ce. Ita ce mafi wuya, ba ta da inda za ta ɓoye laifi.

Mu da muka san dawa, akwai jarabar da ba ta barinmu: a kai burkutu gasa, Turawa su ji abin da suka rasa. Na taɓa kiran goggona a gida kan wannan. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kai yaro, burkutu ai ba ta jiran mutum. Ka ɗura ta a kwalba ka toshe, so kake ta fashe maka a fuska?" Gaskiyarta. Burkutu ana shanta tana kan tashi, da tsaminta da kaurinta, kwana ɗaya zuwa biyu ta juya. Gasa kuwa takan karɓi kwalabe mako biyu ko uku kafin ranar alƙalanci. Abin da zai yiwu shi ne ka dafa giya irin ta nan da tsiron dawa ko gero, ka shigar da ita 31A, rukunin hatsin da ba a saba da su ba, wanda ya ambaci dawa da gero da sunansu. Ba baƙon abu ba ne ma, kamfanonin giya a Najeriya sun rungumi dawa tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988. Idan kuma ka nace sai tsamin gida ya fito, 34C na nan don giyar gwaji wadda ba ta da ɗaki a ko'ina. Tsakanin biyun na fi son 31A, domin alƙali na da ma'aunin da zai riƙe. A 34C kana hannun bayanin da ka rubuta ne kacokan. Kowanne ka zaɓa, ka cika gurbin bayanin nan da kyau: wane hatsi, kashi nawa, wace irin giya ce tushenta, kuma tsamin da gangan ne. In ba ka faɗa ba, za a ɗauka ƙwayoyin cuta ne suka shiga.

Maganar kwalba gajeriya ce. Mai launin ruwan ƙasa, mai cin mililita 355, ba tambari, ba rubutun da aka zana a jikin gilashi. Fara ko koriya tana barin haske ya taɓa hof, giyar ta ɗauki wani wari mai kama da na tunku. Murfi in yana da rubutu ka shafe da baƙin alƙalamin maka. Takardar shiga kuma da robar ɗaure kuɗi ake maƙala ta, ba da gam ko salatif ba, don masu shiri su cire ta kafin kwalbar ta isa teburi. Kowace gasa na da adadin da take so, galibi biyu ko uku, kuma wasu na karɓar gwangwani. Ka karanta ƙa'idarsu, kada ka yi aiki da ta bara.

Inda kuɗi ke zuba shi ne yadda gas zai shiga giyar. Hanya mai araha ita ce ta sukari: kimanin giram 120 a galan biyar, wato lita 19, ka ɗura, ka toshe, ka bar yis ya cinye sukarin ya fitar da gas mako biyu zuwa uku a ɗaki. Ba ka sayi komai ba sai abin matse murfi. Aibinta guggubin da ke kwanciya a ƙasan kwalba, da kuma haɗarin ɗurawa kafin giyar ta gama tashi. Na ga irin haka ranar da na yi aikin ɗaukar kwalabe a wata gasa: ana buɗe murfi kumfa ta yi tsiri ta jiƙe takardun alƙalai, abin da ya rage a kwalbar bai cika rabin kofi ba. Ɗaya hanyar ita ce tankin ƙarfe da tulun gas da firji na musamman, sannan bututun ɗura kwalba irin BeerGun na kamfanin Blichmann. Giya na fita garau, gas daidai yadda kake so, amma kana maganar ɗaruruwan daloli, kuma hannun da bai saba ba zai shigar da iska ya fi mai sukari ɓarna. Iskar oksijin ita ce ke sa giya ɗanɗanon jiƙaƙƙen kwali. Wanda IPA mai hazo ce sana'arsa, wadda iska kaɗan ke mayar da ita launin ruwan ƙasa cikin makonni, shi ne tankin zai yi wa rana. Mai dafa nau'o'in Beljiyam ko giyar alkama ta Jamus kuwa sukari ya ishe shi, asalinsu ma a kwalba suke nuna. Ni sai da na shekara uku ina shiga gasa kafin na sayi tanki, kuma lambata ta farko da sukari na same ta.

Saura kai kaya. Gidan wayar Amurka ba ya ɗaukar barasa, doka ce, kada ka gwada. Kamfanonin aika kaya masu zaman kansu kuma kowanne da sharuɗɗansa, sai ka karanta. Shi ya sa gasar da ke da wurin ajiya kusa da kai ta fi wadda sai an aika, musamman a zafin Tekzas inda kwali zai iya wuni a bayan mota kamar a tanda. In aikawar ta zama dole, kowace kwalba ka naɗe ta ita kaɗai, ka sa ta a leda mai zif, ka cika kwalin har sai ka girgiza ba ka ji motsi ba, ka kuma aika ranar Litinin don kada ta yi ƙarshen mako a sito.

Kwalba ɗaya daga wannan ɗurin ka ɓoye ta a firji, ka rubuta mata suna don kada baƙo ya shanye. Ranar da takardun maki suka iso, ka buɗe ta, ka zauna kana karantawa kana kurɓa. Haka na fara jin warin man shanun da aka yi ta rubuta mini, bayan wata shida ina rantsuwa cewa babu shi.