Gargaɗi ga 'Yan Bindigar Hawa da Maharba: Ku Kiyayi Masu Tallar "Tsohuwar Bindigar Turawa" a Facebook

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman 'yan bindigar hawan salla, da maharba, da matasan da sha'awar bindigar gargajiya ta kama a 'yan shekarun nan. Akwai wasu 'yan damfara da suka buɗe shafuka a Facebook da TikTok suna tallar abin da suke kira tsohuwar bindigar Turawa ta zamanin kakanni, wai har da lasisinta, wai kuma za a kawo maka ita ƙofar gida. Don Allah kada wanda ya tura musu ko sisin kwabo. Sun riga sun cinye kuɗin wani ƙanenmu a unguwa, abin da suka aiko wa wani maharbi kuwa ya fi asarar kuɗin muni.

Hoton da za ka fara gani na kyakkyawar bindiga ne mai dogon baki, ƙotarta na sheƙi, an ɗaura mata jan ƙyalle da layu. Wani lokaci bidiyon 'yan bindiga na Hawan Daushe suke yankowa, hayaƙi ya turnuƙe, su rubuta a ƙasa cewa yaransu ne. Tun da UNESCO, hukumar kula da ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya a 2024, samari da yawa ke son a gan su cikin 'yan bindiga, su kuma waɗannan mutane sun lura da haka. Da ka yi magana za a ce ka koma WhatsApp. A can mutumin zai yi ta yi maka ranka ya daɗe da yallaɓai, ya ce bindigar ta gado ce, ta kakansa ce da ya yi wa wani sarki hidima, lalura ce kawai za ta sa ya rabu da ita. Sai ya ce akwai wani Alhaji da ke jira, ka tura rabin kuɗi kafin alƙalami in kana so a ajiye maka.

Da kuɗin sun shiga sai a ce direba ya taso. Washegari waya ta zo cewa an tare shi a shingen bincike, a tura na goro a sake shi. Har nan damfara ce irin wadda kowa ya sani. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne waya ta uku. Wata baƙuwar murya ce za ta kira, mai kaushi, ta ce jami'in tsaro ne, sun kama bindiga da sunanka da lambarka a jikin kayan, ana tuhumarka da safarar makamai ga 'yan ta'adda, ko ka biya a rufe magana ko su zo gida su ɗauke ka. Ku duba halin da Arewa take ciki yau, ku faɗa mini saurayin da zai ji an haɗa sunansa da bindiga da 'yan bindigar daji cikinsa bai ɗuri ruwa ba. Ƙanen namu ya biya wannan ma, ya ci bashi ya ƙara, ya kwana biyu ba ya iya cin abinci, bai gaya wa mahaifinsa ba sai da abin ya fi ƙarfinsa. Ba jami'i ba ne ya kira shi, ba direba, ba bindiga tun farko. Sun zaɓi bindiga ne a matsayin haja domin sun san wanda suka cuta zai ji tsoron zuwa ofishin 'yan sanda ya ce bindiga na je saye. Shirun nan naka shi ne jarinsu.

Maganar lasisi kuwa ƙarya ce tsagwaronta. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Akwai haramtattu irin na soja, waɗanda izininsu ke hannun shugaban ƙasa. Akwai na amfanin kai irin bindigar farauta ta zamani, waɗanda izininsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki, wato su bindigar toka da harba-ka-ruga, waɗanda sha'aninsu ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Babu inda dokar ta ba ɗan kasuwa ikon ba ka lasisi, shi kansa ƙera bindiga da sayar da ita sai da izinin hukuma. Bayan haka, a watan Agustan 2023 hedikwatar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da lasisin bindiga. To wanda ya ce zai turo maka takarda mai tambarin 'yan sanda ta WhatsApp kafin gobe, jabu zai turo, kuma ranar da aka kama ka da ita laifi biyu za ka amsa.

Yanzu ga wanda aka aiko wa da kaya. Maharbi ne mai hankali, bai ɗura mata komai ba sai da ya kai ta wurin wani tsohon maƙeri, ina wurin. Tsohon ya goga babban yatsansa a jikin bakin bindigar, tsatsar ta biyo yatsan jawur kamar lalle. Tsatsar shekara ɗari ba ta yin haka, baƙa ce, ta kama ƙarfe ta zauna. Wannan sabuwa ce, ta ruwan gishiri da binnewa a ƙasa. Ya juya ta ga hasken rana ya nuna mana wani siririn layi da ya bi tsawonta tun daga sama har ƙasa: bututun famfo ne, layin nan wurin haɗinsa ne. An buga mata sunan birnin Landan da harufan Turanci, wani harafi ya hau wani ya sauka, ƙotar kuma tana warin baƙin mai. Tsohon ya ajiye ta ya ce, "Yaro, ka gode wa Allah da ba ka harba ba, da yanzu ba ka da hannun hagu."

Tsofaffin bindigogin Turawa na gaskiya sun shigo ƙasar nan, ba musu. 'Yan kasuwar Turai sun yi ɗaruruwan shekaru suna sauke su a bakin teku, da yawansu ƙirar Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam, kuma yarjejeniyar Brussels ta 1890 da ta taƙaita shigo da bindigogin zamani ta bar ƙofa ga masu ƙanƙara, wato masu ɗuri ta baki da ke kama wuta da ƙyastawar dutse. A Birmingham akwai gidan gwajin bindiga tun 1813, inda ake ɗura wa bakin bindiga albarushi fiye da ƙima a harba, in ya jure a buga masa hatimi kusa da gindi. Irin waɗannan da suka rage yau suna gidajen sarauta da gidajen tarihi da hannun iyalan da suka gada, ba a tallarsu goma-goma a intanet. Ko ta gaskiyar ce ma, ƙarfen da ya haura shekara ɗari ba a ɗura masa wuta sai masani ya duba shi.

Wani abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne albarushin da suke haɗawa da shi, wai mai ƙarfi na waje. Bindigar ɗuri ta baki baƙin albarushi kaɗai aka yi ta domin shi. Hodar da ke cikin harsashin zamani ƙarfinta ya ninka nasa nesa ba kusa ba, ko kaɗan ce ta shiga tana iya tsage bakin bindiga. Mai harbi kuwa hannunsa na kan bakin, fuskarsa na kusa da gindin. In a filin hawa ne, ga dawaki, ga yara a gefen hanya.

Ba ina kushe maƙeranmu ba ne. Maƙerin gari an san gidansa, an san ubansa, in aikinsa ya yi aibi akwai inda za a same shi. Wanda yake son shiga harkar nan da gaske ya je wurin Sarkin Bindiga na masarautarsu, ko Sarkin Baka da ƙungiyar maharba, ya zauna ya koyi ɗuri da awon albarushi a hannun manya, a san da shi a wurin mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankinsu.

In kuwa ka riga ka faɗa hannunsu, kada ka ƙara tura komai, duk barazanar da za su yi. Ka adana hirarku da lambobinsu da shaidar tura kuɗi, ka je bankinka nan take ka shigar da ƙorafi a kan asusun da ya karɓa. Ka gaya wa mahaifinka ko yayanka, ku ɗauki mai unguwa ko lauya ku je wurin 'yan sanda ko EFCC tare. In kaya sun iso gare ka, kada ka leƙa cikin bakin, kada ka ja kunama don gwaji, domin ana samun irinsu da ɗuri a ciki. Ka sanar da hukuma ta hannun mai unguwa a zo a ɗauka.

Suna yawan canja sunan shafi da lambar waya, kuma sun fi matsawa in salla ta gabato. Wanda ya ga irin tallan ya kai ƙarar shafin, ya kuma tura wannan gargaɗi zaurukan 'yan hawa da na maharban garinsu.