Mai wayarin ɗin Ƙofar Ƙaura da ya gano ciwon Hilux ɗina

Hilux nake tuƙawa, mai injin gas 1KD, lita 3, ina ɗaukar kaya tsakanin Katsina da Daura, wani lokaci har Mai'adua. Bara na sa aka ɗaura mata ƙaramin akwatin nan na ƙara ƙarfin inji, wanda ake haɗawa tsakanin sensar tobo da kwamfutar mota. Tobo shi ne ke hura wa inji ƙarin iska, sensar kuma ita ke auna nauyin iskar. Wata biyu na farko babu abin cewa. Daga nan sai ta fara hali: ina cikin tafiya, musamman in na wuce Mashi da lodi, wutar cek, mai nuna akwai matsala a inji, ta kama, ƙarfi ya ɗauke, ko na take totur har ƙasa ba ta amsawa. In na kashe na sake tayarwa ta saki, bayan 'yan kilomita ta koma.

Gareji biyu na je. Na farko suka ce tobo ne. Na biyu suka sa na sayi sabuwar sensa, kuɗina ya tafi, ciwo na nan.

Wani abokin aikina ne ya kai ni wurin wannan bawan Allah, a wata 'yar rumfa wajen Ƙofar Ƙaura. Abin da ya fara burge ni, bai kwance komai ba. Ya jona na'urarsa, lamba P0108 ta fito, wato sensar na aika wa kwamfuta saƙo sama da ƙima. Sai ya ce, "Alhaji, murɗa makulli, amma kada ka tayar." Ya nuna min allon, ya ce tunda inji a kashe yake, abin da sensar ya kamata ta gani shi ne nauyin iskar gari kawai, a nan Katsina wajen 95 a ma'aunin nauyin iska na kPa. Tawa kuwa tana tsalle, ta haura 130 ta dawo. Ya ce tobon da ba ya juyawa ba zai hura iska ba, don haka a bar zargin tobo.

Wayoyi uku ne a sensar: mai kawo bolt 5, negetif, da mai kai saƙo. Ya auna ta farko da mita, daidai. Ya zare akwatin ya mayar da soket ɗin asali, ya riƙa girgiza damin wayar da hannu yana kallon allo. Da ya zo wani wuri bayan inji, lambar ta sake tashi. Ya warware tef, ga wayar negetif an fere ta an murɗa da hannu, ba dalma, tagullar ta yi kore, silin da ya rage bai fi uku ba. Aikin wanda ya ɗaura min akwatin ne. Raina ya ɓaci sosai da na gani, don a kan wannan ɗan ƙullin na kusa sayen tobo.

Ya yanke wurin, ya yi dalma, ya rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Ya kuma cire siririn tiyon da ke kai iska ga sensar, ya wanke baƙin toka da ya fara toshe shi. Allo ya tsaya cik a 95.

Inda nake da ƙorafi shi ne jira. Na isa da hantsi, bai taɓa motar ba sai bayan azahar, kuma wurin ba inuwar kirki. Waya ma ba ya ɗauka in yana aiki, sai dai ka je da ƙafarka.

Game da akwatin, bai hana ni ba, amma ya faɗa min gaskiya: lamba yake sauya wa kwamfuta don ta ƙara mai da iska, kuma da lodin da nake ɗauka a zafin bazara, fistin ne zai sha wahala. Na ce ya bar shi a cire. Sati shida ke nan, sawu goma sha ɗaya zuwa Daura, wutar ba ta sake kamawa ba.