Land Cruiser 1997 ko Patrol 2004? Amsa ga ɗan'uwanmu na unguwar Rusaifa a Makka

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, cikin motoci biyun nan da ka ce an kawo maka, Land Cruiser 1997 da Nissan Patrol 2004 mai inji 4800, wato lita 4.8, ɗauki Land Cruiser ɗin. Irin duka biyun sun shiga hannuna. Land Cruiser tana ƙofar gidana yanzu haka, shekararmu goma sha ɗaya tare. Patrol kuwa wata bakwai muka yi na sallame ta.

Za ka ji masu ba ka labarin hawan tudun rairayi. Kafin ka biye musu, zauna ka lissafa inda motar za ta riƙa zuwa. Mu da muke riƙe da waɗannan tsofaffin jif ɗin a nan Makka, aikinsu sananne ne. Da safe a kai yara makaranta. Da yamma a shiga kasuwar Ka'akiyya a ɗauko shinkafa da kwalayen tumatir, wata rana har da rago a baya an shimfiɗa masa leda. Ga jarkokin Zamzam. Ga zuwa Jidda cikin dare taryen 'yan'uwa da suka zo Umra, su da akwatunansu da buhunan tsaraba. Idan zafi ya tsananta a hau hanyar Hada a yi kwana biyu a Ɗa'if. Lokacin sanyi kuma, sau uku ko huɗu, a fita daji wajen Usfan ko bakin teku a Shu'aiba, abin da mutanen nan ke kira kashta, a shimfiɗa darduma a gasa nama yara su yi ta guje-guje. Dabal ɗin, wato giyar da ke sa tayoyi huɗun su ja tare, ni dai a shekara ban fi in saka ta sau goma ba. Sauran kwanakin duk kwalta ce da cunkoso da rana, sai hawan unguwanninmu na kan dutse inda ƙaramar mota take gogar ƙasa da cikinta. Da wannan mudun nake auna maka su.

Ta fannin ƙarfi, Patrol ce a gaba, wannan ba a jayayya. Injin 4800 ɗin ya fito a 2001, silinda shida a jere, kuma yana da zafin tashi. Shi ya sa samarin nan suke mutuwar sonta, suna ce mata Fitak. Injin Land Cruiser ɗin shi ma silinda shida ne a jere, lita 4.5, wanda ake kira 1FZ. Wasu da kafireto suka zo, wasu da injekta, sai ka duba wacce aka kawo maka. Ba ya fizga, a hankali yake tashi kamar raƙumi, amma in ya ɗauki kaya ya kama hanya ba ya nuna gajiya. Shekarar 1997 ita ce ta ƙarshe a jerin da ake kira 80, wanda Toyota ta fara a 1990, saboda haka taka ta fito ne bayan an shekara bakwai ana gyara ƙirar. Daga ƙasa kuwa kusan ginin ɗaya ne: shasi mai kauri, aksil ɗin gaba da na baya duka miƙaƙƙiyar sanda, a kan sifirin mai murɗi. A zaune a ciki dai Land Cruiser ta fi taushi, kuma tsofaffi suna jin bambancin a bayansu.

Mai kuwa, kada wani ya ruɗe ka, dukansu mashaya ne. Tankin Land Cruiser lita 95 ne. Fetur 91 yana riyal 2.18 tun watan Yulin 2021, kenan cika shi daga ƙasa riyal 207. Tawa tana ba ni kilomita biyar zuwa shida a lita a cikin gari da esi a kunne, a doguwar hanya ta ɗan ƙara. Patrol ɗin da na riƙe ba ta taɓa kai haka ba, kuma ƙafarka ce ma take jawo maka, don inji mai amsawa yana sa mutum ya riƙa takawa. In kuɗin mai zai hana ka barci, to bar su duka biyun ka nemi ƙaramar mota.

Bari in ba ka labarin da ya sa ba zan sayar da tawa ba. Shekarun baya ƙanwar mahaifiyarmu ta zo Umra daga Kano, ta haura saba'in, gwiwoyi sun gaji. Ta ce ita ba za ta shiga jirgin ƙasa zuwa Madina ba, kuma ba za ta koma gida ba sai ta ga Badar da idonta, domin tun tana yarinya a makarantar allo take jin sunan. Muka cika motar, mu takwas, kaya a ɗaure a sama. Muka bar hanyar Hijira muka bi ta gefen teku, tsakiyar bazara, irin ranar da in ka taɓa ƙarfen ƙofa sai ka janye hannu. Idona yana kan gejin zafi tun daga fita Makka. Allurar nan ta tsaya a ƙasa da rabi kaɗan, ba ta motsa ba har muka isa. A Badar akwai tudun rairayi a gefen filin, Hajiya ta ce tana son ta matsa kusa, ga shi ƙafa ba za ta kai ta ba. Na sauka na rage iskar tayoyi zuwa 15, na saka dabal mai nauyi, wato na ƙaramar giya, na shiga a giya ta biyu ba tare da na taka da ƙarfi ba. Motar ta riƙa tafiya a kan rairayin nan a hankali har inda ta nuna. Na buɗe mata ƙofa, ta zuro ƙafafunta waje tana zaune a kujera, ta ɗaga hannu ta yi ta addu'a tana hawaye. Da za mu tashi ta dafa gaban motar ta ce Allah ya yi mata albarka ita da mai ita. Hajiya ta rasu bayan shekara biyu, Allah ya jiƙanta. Duk wannan tafiyar, kilomita wajen dubu zuwa da dawowa, abin da dabal ya yi bai wuce mita ɗari uku ba, kuma don irin wannan mita ɗari ukun nake ciyar da motar shekara da shekaru.

Patrol ɗin, to, mota ce. In ka samu wadda ba a wahalar ba za ta yi maka aiki.

Samun wadda ba a wahalar ba shi ne wuyar. Mota ce da samari suke saya don hawan rairayi da tsere, a ƙara mata turbo, a canza salansa, a yi ta tsalle da ita a rairayin Bahra, tsakanin Makka da Jidda, in ta gaji a cire kayan a mayar da ita kamar ba a taɓa ba, a kai kasuwa. Irinta na faɗa wa. Wani dillali ya rantse mini cewa ta wani dattijo ce, daga gida sai masallaci. Fenti yana sheƙi, ciki yana ƙamshin turare, inji ya riga ya ɗumama kafin in iso. Sati uku da saye ta fara cin ruwa. Da makanike ya ɗaga ta, sai ga walda a shasi ta gaba an shafe da baƙin fenti, ga ramukan da aka toshe inda aka cire bututun turbo, ga rairayi ja a cikin gidan iska. Laifin ba na motar ba ne, na wanda ya kashe ta ne da wanda ya rufe mini. Na faɗa wa wanda ya saya daga hannuna gaskiyar halin da take ciki, na ɗauki asarata. Land Cruiser 80 ma ana wasa da ita, amma galibin waɗanda suka rage a hannun magidanta suke, masu kai iyali ƙauye da dawowa.

Ba ka tambaya ba, amma tunda kuɗinka za ka fitar, ji wannan. Kowacce za ka duba, ka ce a bar maka ita ta kwana ba a tayar ba, ka zo da sassafe ka dafa injin da hannunka ka ji sanyinsa, sannan ka tayar da kanka. Hayaƙi da ƙarar da ake ɓoyewa a wannan lokacin suke fita. Tun tana sanyi ka buɗe murfin lagireto ka leƙa, in ruwan yana kumfa bayan an tayar, gaskit ya tafi. Ka buɗe murfin baƙin mai, in ka ga abu kamar madara a jikinsa, yi sallama ka tafi. Wasu suna zuba mai mai kauri don ya danne hayaƙi, wasu suna cire tamostat don kada zafi ya nuna a ɗan zagayen gwaji. Saboda haka kada ka yarda da zagaye unguwa. Ka ce za ka hau da ita wani tudu mai tsawo da rana tsaka, esi a kunne. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Ka shiga ƙarƙashinta da tocila ka bi shasi tun daga gaba har baya, duk inda ka ga fenti sabo a wuri ɗaya ka kankare da makulli. Ka saka dabal a kan ƙasa, ba a kwalta ba, ka ji ya shiga kuma ya fita. Akwai motocin da shekara goma ba a taɓa wannan sandar ba, ta ƙame.

Sai motocin ruwa. Ka tuna ruwan da aka yi a Jidda ranar 24 ga Nuwamba 2022, da ambaliyar 2009 kafin nan. Motoci da yawa sun nutse, an wanke, an busar, sun koma kasuwa. Ɗaga kafet ɗin ƙasa ka shinshina, ka duba layin da kujera take gudu a kai ko akwai busasshen taɓo da tsatsa, ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai shatin ruwa. Lambar mita kuwa kada ka dogara da ita, mayar da ita baya ba wuya. Ka ciro rahoton Mojaz, mai nuna tarihin mota, da lambar shasi, ka haɗa abin da ya nuna da abin da mai motar ya faɗa maka. Kuma makaniken da zai duba maka ya zama naka ne, ba wanda dillali ya nuna ba.

Kada in ɓoye maka, Land Cruiser ɗin ta girmi Patrol da shekara bakwai, kuma shekaru suna cin roba. In ka saya, ware kuɗin wata na farko daban. Canza duk bututun ruwa, har da wani ɗan ƙarami da yake ɓoye a bayan injin wanda mutane suke mantawa da shi sai ya fashe a hanya. A wanke lagireto ko a sa sabo, a duba kulochin fanka, a saka tamostat na asali. Kan injin alminiyam ne, ba ya yafe zafi, kuma kai ka san garin da muke: a Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami. Ka sa a buɗe gwiwoyin tayoyin gaba a sake musu giris da roba, domin in sun tsufa suna yoyo. Bayan wannan sai canjin mai a kan lokaci. Kayan gyaranta ba ka wahalar nema, daga shagunan sina'iyya, wato unguwar makanikai, har tashlih na Biriman a Jidda inda ake kwance tsofaffin motoci, kuma da wuya ka tsaya a wani gari a hanyar Madina ko ta kudu ka rasa makaniken da ya san injin nan. Ran da ka tashi sayarwa ma ba ta kwana a hannu.

Takardu kuma, kafin ka ba da ko riyal ɗaya na kafin alƙalami, ka ga istimara, wato takardar rajistar mota, da ranta, fahas, wato gwajin lafiyar mota na shekara, bai ƙare ba, sunan da ke takarda shi ne na mutumin da ke gabanka. In kana kan iƙama, ka fara tabbatarwa za a yarda a mayar da ita sunanka, domin an taɓa kafa ƙa'idar da ta shafi baƙi a kan motoci masu kujera bakwai zuwa sama, inda ake duba yawan iyali. Kada ka yarda da maganar a bar ta da sunan wani ka riƙa hawa. Canjin suna a yi shi ta manhajar gwamnati ta Absher ko a ma'arad, wato wurin sayar da motoci, mai lasisi, kuɗi da makulli su sauya hannu a zama ɗaya.

Ka ce wa mai Land Cruiser ɗin ya ajiye ta ranar Juma'a da daddare kada ya tayar. Ranar Asabar bayan Asuba ka biyo ta gidana mu tafi tare, zan zo da tocila da tabarmar shiga ƙarƙashi.