Fentin Golden OPEN: sharhin mai zanen dodanni da mayaƙa

Duk wanda ya taɓa zana sararin samaniya da fentin akirilik a Arewa cikin watan Maris ya san cewa fentin nan ba ya jiran kowa. Ka shafa shuɗi, ka juya ka ɗebo ruwan goro domin ka saje su, kafin buroshi ya dawo shuɗin ya riga ya kama allo. Sai a bar ka da layi ɓaro-ɓaro a wurin da ya kamata launi ya narke cikin ɗan'uwansa. Mai rubuta allon shago bai damu da wannan ba, shi ma so yake ya bushe da wuri ya karɓi kuɗinsa. Amma a irin aikin da nake yi, sajewar launi ita ce rabin sana'ar.

Aikin da ya sa na sayi Golden OPEN, akirilik mai jinkirin bushewa, bangon littafi ne na wasan tebur, irin wanda mutane huɗu ko biyar suke zama, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum ɗaya yana ba da labari, ana jefa dayis mai fuska 20 domin a ga ko saran takobi ya samu ko ya kuskure. Uban irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 ta hannun kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin ta Amurka. Tun da babu allon talabijin a wasan, komai a ka ake ganinsa, hoton da ke kan bango shi ne kusan abu ɗaya da ido yake kamawa. Shi ya sa masu wasan suke ɗaukar zanen da muhimmanci fiye da yadda baƙo zai zata.

Wanda ya ba ni aikin, wani ƙaramin mawallafi ne a ƙasar waje, ya faɗa mini a fili cewa ba ya son zanen kwamfuta. Salon shekarun 1980 yake so. Wanda ya san harkar ya san inda aka dosa: jan akwatin wasan nan na TSR na 1983 da Larry Elmore ya zana, mayaƙi ya ba mu baya riƙe da takobi da garkuwa, jan dodo mai fukafukai ya taso masa daga kan tarin zinariya. Ga kuma Jeff Easley da Keith Parkinson da Clyde Caldwell, dukansu sun yi aiki a TSR a wannan zamani, kuma kafin su akwai Frank Frazetta da ya riga ya share hanyar tun shekarun 1960. Yawancin ayyukan nan da fentin mai aka yi su. Idan ka ƙura musu ido za ka ga haske daga gefe ɗaya yake zuwa, inuwa tana da ɗumi, ruwan ƙasa ce ba baƙi ba, duwatsun nesa suna dusashewa su koma shuɗi-shuɗi, sannan kaifin layi an tanade shi ga wurare kaɗan, bakin takobi, idon dodo, gefen kwalkwali. Sauran duk a narke yake. Bayan kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997 salon ya yi ta sauyawa har zanen kwamfuta ya mamaye fagen, amma yanzu akwai ƙananan mawallafa da dama da suka koma neman tsohon hannu.

To me ya hana ni amfani da fentin mai kawai? Lokaci da ɗaki. Fentin mai ba ƙafewa yake yi ba, man ne yake haɗuwa da iska yana daskarewa a hankali, shafi ɗaya sai ya ci kwanaki. Ana iya gaggauta shi da sinadari irin su Liquin, amma warin abin wanke buroshi a ɗakin da nake aiki kuma yara suke shigowa ba abin da uwargida za ta lamunta ba ne, kuma tana da gaskiya. Akirilik kuwa ruwa ne ke ɗauke da shi, ruwan na tashi ƙwayoyin robar su manne, shi ke nan. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, danshin iska kuma yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 lokacin hunturu, ruwan ba ya ɗaukar minti biyu.

Nan ne OPEN ya shigo. Kamfanin Golden Artist Colors ne ke yin sa a New Berlin ta jihar New York, kamfanin da Sam Golden ya kafa a 1980, kuma sun fito da wannan nau'in a 2008. Akirilik ne, da ruwa ake wanke shi, amma an haɗa shi yadda zai daɗe bai bushe ba. Ban sayi cikakken saiti ba. Na ɗauki ƙananan bututu masu mililita 59: Titanium White, Yellow Ochre, Burnt Umber, Ultramarine Blue, Pyrrole Red da Quinacridone Magenta, sai kwalbar OPEN Thinner guda, wato ruwan da ake sirka shi da shi.

Abin da hannu zai fara ji shi ne laushinsa. Bai kai Heavy Body, wato akirilik mai saurin bushewa na kamfanin, kauri ba, ba ya tsayawa tsaye a kan faranti, yana ɗan kwantawa. A kan farantin tangaran, abin da na matsa da hantsi yana nan da rai har bayan la'asar, kuma idan na kife wani farantin a kai na ɗaure da leda, washegari sai in ci gaba daga inda na tsaya. Wanda ya saba kankare busasshen fenti yana zubarwa kullum zai gane ko nawa ne wannan a aljihu. A kan allo ba ya daɗewa haka, musamman idan fanka tana kaɗawa, amma yana ba ka isasshen lokacin da za ka tsaya, ka ja baya, ka duba, ka dawo ka gyara.

Ga yadda na bi da bangon. Allon hadbod na samu wurin kafinta, na shafe shi da jeso, wato farin shafin da ake yi wa allo kafin zane, hawa-hawa, ina bi da samfefa mai laushi tsakani har ya yi sumul. Na zana hoton da fensir, ya fi girman da za a buga, na bar kashi ɗaya cikin uku na sama ba hayaniya saboda sunan littafi. Harsashin hoton, wato haske da inuwa da ruwan ƙasa zalla, da akirilik na gama-gari na yi shi, mai saurin bushewa. Wannan shi ne babban abin da zan faɗa wa duk mai son gwada OPEN: a sama yake da amfani, ba a ƙasa ba. Ka bar mai gaggawa ya gina, shi kuma ya zo ya yi ado.

Sararin samaniyar shi ne inda ya biya kuɗinsa. Faɗuwar rana ce a bayan wani rusasshen gini a kan dutse. Na fara goga Thinner kaɗan a wurin, allon ya ɗan yi danshi. Na shimfiɗa shuɗi mai duhu a sama, shunayya a ƙarƙashinsa, sai ja da ya sha fari, sai ruwan ɗorawa a daidai bakin duwatsu. Sannan na ɗauki busasshen buroshi mai faɗi da taushi, ina shafa gaɓar launukan a kwance, a hankali ƙwarai, ina goge shi a tsumma bayan kowace wucewa. Gaɓoɓin suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Da na ga gajimaren hagu ya yi nauyi, sai na naɗe tsumma a yatsa na ɗebe shi, hasken ƙasa ya fito. Da akirilik na gama-gari wannan gyaran sai dai a sake shafe wurin gaba ɗaya. Haka hayaƙin da ke fita daga hancin dodon, da jan da ke kumatun matsafiyar da ke tsaye a gefe, duk da wannan dabarar suka samu.

Sulke kuma wani labari ne. Mu nan ba mu da uzurin zana sulke ba daidai ba, tun da duk hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau ana fito da shi, mutum ya gan shi a jikin mahayi da rana tsaka. Wanda ya lura zai ga ba a ganin zobe ɗaya-ɗaya sai a wurin da haske ya bugi kafaɗa ko ƙirji. Sauran toka-toka ne mai nauyi da yake bin jiki yana lanƙwasa a gwiwar hannu. Don haka da OPEN na yi jikin sulken, toka mai ɗan shuɗi a sama inda yake kallon sama, mai ɗan ja a ƙasa inda hasken wuta yake taɓa shi, na saje su. Amma ƙyallin zobban, waɗannan ƙananan ɗigo masu kama da ƙwayar gero, OPEN bai dace da su ba. Yana da shara-shara, ɗigon yakan kwanta ya dushe. Sai da na bari ya bushe na koma kan farin Heavy Body da ɗan siririn buroshi, ɗigo a tsaye, kowanne da kaifinsa. Bakin takobi ma haka.

Akwai halinsa guda da sai an saba da shi. Shafin da ya bushe a taɓawa bai gama kamawa ba. Idan ka zo da jiƙaƙƙen buroshi ka dirje shi, zai farka ya biyo ka. Kamfanin da kansa yana faɗin haka, har yana lissafa shi cikin amfanin fentin, kuma gaskiya ne yana da rana idan kana son tausasa gefen da ya yi kaifi. Amma ga mai son ɗora siririn launi a kan wani, hawa bayan hawa, yadda ake samun jan fatar dodo mai zurfi, dole ka kwana ka bar shi, sannan ka zo da hannu marar nauyi, shafa ɗaya ka wuce. An kuma yi shi ne domin shafi siriri. Wanda yake son tara fenti tudu-tudu da wuƙa ya nemi wani, wannan zai daɗe yana danƙo.

Sai ƙura. Wannan ba ruwan fentin, garinmu ne, amma duk abin da ya daɗe a jiƙe a hunturu ya zama tarko. Ƙurar ba ta fitowa a wurin duhu, a fuskar mutum da farin gajimare take zama. Abin da ya fisshe ni shi ne yayyafa ruwa a daɓen ɗaki kafin in fara, rufe taga, da kuma jingina allon fuskarsa na kallon bango idan na tashi, da kwali a kansa wanda bai taɓa shi ba. Da damina matsalar takan juya, danshi ya sa ya ƙi bushewa, a nan sai in gauraya shi da akirilik na gama-gari, domin suna haɗuwa lafiya, kuma gwargwadon yadda ka sirka gwargwadon saurin da za ka samu.

Game da launuka, shawarata a taƙaita. Tsohon salon nan na ƙasa-ƙasa ne, kuma launi shida ɗin da na lissafa sun ishe ni har da kore, wanda nake samu daga Yellow Ochre da Ultramarine, kore mai hankali irin na dajin da rana ta gasa. Baƙi ma ban saya ba, Burnt Umber da Ultramarine suna ba da duhun da ya fi shi rai. Magenta kuwa a yi hattara da ita, ɗan kaɗan yake rina faranti duka, kuma injin buga littafi da tawada huɗu yake aiki, ba kowane launi mai ƙuna yake iya maimaitawa ba. A tuna kuma akirilik kowane iri yakan ɗan ƙara duhu idan ya bushe, saboda robar da ke cikinsa fara-fara ce a jiƙe, sai ta washe daga baya. A OPEN abin yana zuwa a makare, tun da bushewar ma a makare take, don haka fuskar da ka bari da daddare tana haske kana iya tarar da ita da safe ta ɗan yi duhu.

Tsada kam yana da ita, ba a kuma samunsa a kowane shagon kayan zane. Ni ta hannun wani mai kawo kaya daga waje na samu, kuma kuɗin dako da canjin dala sun kusa kai kuɗin fentin. Farashin bututu ya danganta da sinadarin launin: na ƙasa irin su Umber da Ochre su ne masu sauƙi, masu kadmiyam da kobalt su ne masu ɗaci. Sa'ar mai wannan salon ita ce masu sauƙin ya fi bukata. Ɗalibin da yake koyon hannu ba sai ya wahalar da kansa ba, ya sayi farin OPEN da Thinner kawai ya riƙa sirkawa da fentin da yake da shi, zai samu kaso mai kyau na amfanin. Wanda kuma ya riga ya iya fentin mai, yana da wurin aiki mai iska da abokin ciniki mai haƙuri, ba zan ce ya bari ba. Mai yana da wani zurfi da santsi a ƙarƙashin buroshi da wannan bai kai ba, kusa dai ya zo.

Banish, wato shafin ƙarshe mai ƙyalli da ke kare hoto, shi ne abin da zai iya ɓata wa mai gaggawa lissafi, domin ana so a bar hoton kamar wata guda kafin a shafa. Mawallafi ba zai jira haka ba, kuma ba a bukata. Na ɗauki hoton bangon kafin banish, a inuwar zaure da safe, kyamara a kan ƙafa tana fuskantar allon daidai, da farar takarda a gefe domin daidaita launi a kwamfuta. Rashin ƙyallin ma taimako ne, babu walƙiyar da za ta ɓoye duhun kogon. Fayil ɗin ya tafi a kan lokaci, allon kuma yana jiran watansa ya cika kafin in shafa masa banish in naɗe shi zuwa gidan waya.